Sharhi kan wani shagon fuskokin dodanni a Treichville

Shekara shida ke nan ina tara fuskokin dodanni na katako, irin waɗanda al'ummu daban-daban na Afirka suke sassaƙawa domin bukukuwansu da jana'izarsu, kuma mafi yawan abin da na mallaka a hannun masu shimfiɗa kaya a ƙofar otal na saye shi, mutanen da in ban da farashi ba su iya gaya wa mai saye komai game da abin da ke gabansu. Saboda haka da aiki ya kai ni Abijan, cibiyar kasuwancin ƙasar Kodebuwa, na ƙudura a raina cewa sai na nemi wurin da za a sayar mini da kaya tare da labarinsa. Wani abokin aiki ya kwatanta mini shagon wani Alhaji, Bahaushen Nijar, a unguwar Treichville kusa da babbar kasuwa. Sau huɗu na je cikin mako biyu, na fito da fuska uku. Ba zan ambaci sunan shagon ko na mai shi ba, domin tare da yabon da ya cancanta akwai laifuffukan da zan faɗa, kuma ba niyyata ba ce in ɓata wa dattijo kasuwa.

Wanda bai san harkar ba zai yi mamakin samun Bahaushe a tsakiyarta, amma abin ya daɗe. Tun zamanin mulkin mallaka fataken Hausawa suke shiga ƙauyukan kurmi suna sayo kayan sassaƙa suna kai wa Turawa a birane, bisa tsofaffin hanyoyin da kakanninsu suka bi wajen fataucin goro, kuma har yau Hausawan Nijar da na Arewacin Najeriya, tare da Julawa da 'yan Senegal, suna cikin waɗanda suka riƙe wannan ciniki daga Abijan har zuwa Paris da New York. Alhaji ya ce shi yaron shago ne na kawunsa kafin ya tsaya da ƙafarsa, kuma ya yi shekaru yana yawon ƙauyuka da jaka a kafaɗa kafin ya zauna wuri ɗaya. Wannan yawo shi ne jarinsa na gaskiya, kuma shi ne dalilin da ya sa shagon ya bambanta da na maƙwabtansa.

Shagon ba shi da faɗi, amma yana da zurfi, kuma an raba shi kashi uku ba tare da an rubuta haka a ko'ina ba. A bakin ƙofa akwai ƙananan kaya na 'yan yawon buɗe ido, masu sheƙi da man goge takalmi, waɗanda yaran shagon suke kira nyama-nyama, ana sayar da su daga jaka biyar zuwa goma, wato sefa dubu biyar zuwa dubu goma. A tsakiya an rataye abin da suke kira kwafi: sababbin fuskoki da gwanayen masassaƙa suka yi bisa tsarin na asali, wasu an bar su da sabuntarsu, wasu kuma an tsufar da su da gangan. Can ciki akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe wanda ba a buɗe shi sai Alhaji yana nan. Warin wurin, na hayaƙi da man kaɗanya da ƙura, yana bin tufafin mutum har gida, kuma hasken bai isa a duba kaya da kyau ba, don haka duk abin da mai saye ya ɗauka gara ya fito da shi bakin titi ya gan shi a rana.

Zuwana na farko ban tarar da Alhaji ba, kuma a nan ne aka yi abin da ya kusa hana ni komawa. Babban yaronsa ya ciro mini wata fuska ta mutanen Dan, baƙa wuluk, mai siririn ido da goshi mai tudu, ya rantse cewa ta yi rawa. Wannan kalma ita ce ginshiƙin cinikin baki ɗaya, domin a wurin dillalai da masu tarawa fuskar da aka taɓa ɗaurawa aka fito da ita fili a bikin gaske ita ce ta asali, wadda kuwa aka sassaƙa domin kasuwa, komai kyanta, kwafi ce, kuma tazarar farashinsu tana iya ninkawa sau ɗari. Ya sa mata jaka ɗari biyu da hamsin, na taya ɗari, ya ce albarka, muka yi ta ja har ya sallama a ɗari da hamsin. Na tafi da ita masauki ina murna.

Kwana biyu bayan haka na koma da ita a jaka domin in ji ƙarin bayani, na sami Alhaji zaune a kan buzu yana jan carbi. Bayan mun gaisa ya karɓe ta, bai ko dubi gabanta ba, sai ya kife ta a cinyarsa ya kai cikinta hancinsa. Ya sa babban yatsa ya goga inda goshin mai sawa zai taɓa, sannan inda hanci da haɓa za su zauna, ya nuna mini cewa baƙin da ke ciki ɗaya ne daga sama har ƙasa, alhali kuwa gumi da maiƙon jikin mutum ba su bin katako bai ɗaya, sukan taru ne a wuraren da fata take gogawa su bar sauran da haskensa. Ya zura tsinke a cikin ramukan da ke gefe, inda ake ɗaura igiya da tufafin dodo, ya ce in duba yadda bakinsu yake da kaifi kuma girmansu ɗaya, alamar cewa na'ura ce ta huda su kuma igiya ba ta taɓa cinsu ba. Sa'an nan ya ce, "Malam, wannan icce bai taɓa shan gumin mutum ba. Hayaƙin madafa ya sha, da goro." Ya kira yaron ya yi masa faɗa a gabana da muryar da ba ta fita waje ba, ya buɗe aljihun tebur ya ƙirgo mini jaka ɗari da goma sha biyar, ya ce in ina son ta a matsayin kwafi kuɗinta talatin da biyar ne, in kuwa ba na so ga sauran kuɗina. Na riƙe ta, domin aikin sassaƙarta mai kyau ne.

Daga nan ne ya buɗe mini yadda ake tsufar da kaya, ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ana rataye sabuwar fuska a saman murhu na makonni har kunkunniya ta kama ta, ana shafa mata dakakken goro ko man kaɗanya, wasu sukan binne ta kusa da shurin gara domin a ɗan ci gefenta, wasu kuma su yayyafa mata jini da gashin kaza don ta yi kama da wadda aka yi wa yanka. Ya ce shi ba ya ganin laifin wannan aiki muddin za a gaya wa mai saye, domin Turawa ne da kansu suka ƙi sabon katako suka ce sai mai duhu. A kan wannan ina da ja. Ƙawata sabon abu ya yi kama da tsoho, ko da mai shago na farko ya faɗi gaskiya, tanadin ƙarya ne ga hannu na biyu da na uku, kuma abin da yaronsa ya yi mini shaida ce a kan haka.

Inda shagon ya fi ƙarfi shi ne bayanin ma'ana, musamman kan fuskokin Kodebuwa, kuma a kan na Dan Alhaji ya fi daɗewa. Mutanen Dan, waɗanda a can ake kira Yakuba, suna zaune a yammacin ƙasar wajen garin Man da kuma tsallaken iyaka cikin Laberiya. A aƙidarsu ta gargajiya fuskar ba hoton wani abu ba ce, masauki ce ta wani ruhun daji da suke kira ge, wanda yakan zo wa mutum a mafarki ya nemi a sassaƙa masa fuska a ɗinka masa tufafi, kuma idan ya fito fili ba a cewa wane ne ya sa fuska, cewa ake yi ge ya fito. Irin wadda na saya, mai santsi da siririn ido, ana kiranta deangle, kuma aikinta shi ne ta shigo gari ta karɓi abinci daga hannun iyaye mata ta kai wa yaran da ke sansanin kaciya a daji, shi ya sa aka yi ta da taushin kama, ba ta tsoratarwa. Mai manyan idanu zagayayyu, gunye ge, ta tsere ce, an buɗe idanun ne domin mai gudu ya ga gabansa, kuma samari suke gasa da ita a lokacin rani. Wata mai kama da ita, wadda akan lulluɓe da jan ƙyalle, ita ce zakpai ge, mai zagaya gari da rana a lokacin iska tana tabbatar da cewa mata sun kashe wutar girki don gudun gobara. Wannan ta ƙarshe ta tsaya mini a rai, domin duk wanda ya taɓa ganin yadda gobarar hunturu take cinye unguwa zai gane cewa abin da baƙo yake ɗauka tsafi ne kawai, a wurin masu shi har da tsarin kiyaye gari a ciki.

Sai dai Alhaji ya ƙara wata magana da ban taɓa ji daga bakin mai sayarwa ba. Ya ce a ƙasar Dan fuska tana iya sauya matsayi a tsawon rayuwarta, wadda ta fara da wasa da nishaɗi tana iya girma bayan shekaru ta zama mai yanke hukunci tsakanin dangi, a sauya mata tufafi da hula da kiɗa alhali katakon yana nan yadda yake. Ma'anar wannan ita ce, idan aka cire fuska daga garinsu aka tuɓe mata kayanta, babu wanda zai iya rantsewa a kan aikin da ta yi ta hanyar duban siffarta kawai. Sunayen da muke maƙala wa abin da ke jikin bangonmu kirdado ne mai ƙarfi, ba shaida ba. Kuma tuɓewar ma a kasuwa ake yin ta: zaren tukurwa da ƙyalle da wuri da gashin tsuntsu da suke tare da fuskar, waɗanda su ne rabin kamanninta a fili, dillalai sukan yanke su saboda suna tara ƙwari kuma masu saye na ƙetare sun fi son katako zalla.

Fuska ta biyu da na saya ta mutanen Baule ce na tsakiyar ƙasar, wajen Bouaké da Yamoussoukro, wadda ake kira kple kple: faifai zagayayye shimfiɗaɗɗe da ƙaho biyu a sama da baki mai kusurwa huɗu. Na daɗe ina ganin irinta ina ɗauka abu ce mai zaman kanta, sai a shagon na ji cewa ita ce ƙarama a cikin jerin rawar Goli, wadda Baule suka aro daga maƙwabtansu Wan a farkon ƙarni na 20. Rawar takan ɗauki yini guda, a jana'izar manya ko a babban biki, kuma fuskokin suna fitowa bibbiyu har kashi huɗu bisa girma: kple kple ta samari ita ke buɗe fili, ɗaya ja ɗaya baƙa, sai goli glin mai kan dabba wanda ke matsayin uba, sai kpan pre, ƙaramar mace, sai kpan, babbar mace, a ƙarshe. Alhaji ya so in sayi ja da baƙa tare, ya ce raba su kamar sayen takalmi ƙafa ɗaya ne, kuma da na san abin da na sani yanzu da na ji shawararsa. An sa mata jaka sittin, na biya talatin. A kusa da ita akwai kwafin fuskokin mblo, waɗanda Baule suke sassaƙawa domin karrama wani mutum sananne a gari, galibi mace, har ita wadda aka yi dominta takan fito ta taka rawa a gefen fuskarta.

Ta uku ita ce na fi so, kuma ita ce yaran shagon suka fi rainawa saboda fentinta mai ƙyalli ne, ja da rawaya da kore. Zaouli ce ta mutanen Guro na yankin Bouaflé da Zuénoula, rawar da ba ta daɗe ba, domin a shekarun 1950 aka ƙirƙire ta don yabon kyan mace, ko da yake namiji ne yake sa fuskar, kuma hukumar UNESCO ta sa ta cikin jerin al'adun gado na bil'adama a 2017. Duk wanda ya ga bidiyonta a intanet ya san yadda ƙafafun mai rawar suke gudu kamar ba su taɓa ƙasa alhali kansa yana tsaye cik. Abin da ya sa na fifita ta shi ne babu ƙarya a jikinta ko kaɗan: sabuwa ce, da fentin kanti aka yi ta, kuma haka ainihin masu rawar suke son tasu. Jaka arba'in da biyar na biya, ban kuma yi dogon ciniki ba.

Game da mutanen Senufo na arewacin Kodebuwa, Alhaji ya san ƙungiyar Poro ta horar da samari, mai matakai uku na shekara bakwai-bakwai, ya san fuskar kpelie, kuma ya ce yawancin nasa daga masassaƙan unguwar Koko a Korhogo yake sarowa. Shi ne ma ya tuna mini da yadda wata sabuwar aƙida mai suna Massa ta sa mutanen yankin suka yi watsi da kayan tsafinsu masu yawa a wajen shekarun 1950, har aka kwashe su zuwa Turai. Kayan Mali ma ya yi musu bayani daidai gwargwado: chi wara ta Bambara, siffar barewa ko gwanki da ake ɗaurawa a ka, namiji da mace mai goyo, don tunawa da wanda suka ce ya koya wa mutane noma, da kanaga ta Dogon da ake fitowa da ita a bikin dama na sallamar mamaci. Amma da muka matsa zuwa nesa sai ilimin ya fara sirancewa. Gelede ta Yarbawa, wadda maza suke sawa don girmama iyaye mata da neman yardarsu, ya ce mini ta sarauta ce. Sowei ta Mende a Saliyo kuwa, baƙa mai sheƙi da zobba a wuya, ya san sunanta amma bai ambaci abin da ya fi muhimmanci a kanta ba, wato mata ne da kansu suke sa ta a ƙungiyarsu ta Sande, abin da ba kasafai ake samu a nahiyar ba.

A jikin bango ɗaya akwai dogayen fararen fuskoki kusan goma na Fang na Gabon, irin na ngil, wata ƙungiyar asiri ta maza, kuma a kansu nake so mai karatu ya yi hattara ƙwarai. Na asalin kaɗan ne suka rage a duniya, shi ya sa aka sayar da ɗaya a Paris a 2006 a kan yuro miliyan 5.9, aka kuma sayar da wata a Montpellier a 2022 a kan yuro miliyan 4.2, wadda wasu tsofaffin ma'aurata Faransawa suka sayar wa dillalin gwanjo a kan yuro 150 kacal, suka kai ƙara daga baya, kotu ta yi watsi da ƙarar a Disamban 2023. Yaran shagon sun san wannan labari kuma suna amfani da shi wajen kwaɗaitar da baƙo cewa wataƙila shi ma ya yi tsuntuwa. Alhaji da kansa ya ce mini duka goman a Kamaru aka sassaƙa su. Haka kuma akwai ƙananan kwafin fuskar Idia, mahaifiyar Oba Esigie na Binin, wadda ta asalinta ta hauren giwa ce ta ƙarni na 16 da ake ratayawa a ƙugu, sojojin Ingila suka kwashe a 1897, ta kuma zama tambarin bikin FESTAC a Legas a 1977. Wani yaro ya raɗa mini cewa akwai ta haure in ina so. Ban nemi gani ba, domin tun 1989 aka haramta cinikin hauren giwa tsakanin ƙasashe, kuma ko ƙashin saniya ne aka goge, shagon da yake mutunta kansa bai kamata a yi irin wannan raɗa a cikinsa ba.

Na tambayi Alhaji abin da na san masu karatu da yawa za su tambaya, wato yadda Musulmi mai carbi a hannu yake zaune a tsakiyar abin da a gida za a kira gumaka. Ya ce shi icce yake sayarwa, bai taɓa yi wa ko ɗaya yanka ba, kuma bai taɓa kai ko ɗaya ɗakin kwanansa ba. Hukuncin wannan na malamai ne, kuma kowa ya tambayi nasa kafin ya fara tarawa. Abin da zan iya ƙarawa daga tarihi shi ne lamarin bai rabu gida biyu cak ba kamar yadda ake zato, domin a Bondoukou da ke gabashin Kodebuwa Musulmin Ligbi da Jula suna da fuskokin Do da suke fitowa da su a ƙarshen azumi, a Wagadugu kuma yara suna wasan Dodo da fuskokin dabbobi a watan Ramalana, wasan da ake danganta asalinsa da fataken Hausawa. Mu ma muna da tashe da shigar burtu, kuma kan burtun da maharbanmu suke ɗaurawa a goshi don su kusanci namun daji yana cikin kayan da na gani rataye a shagon, an sa masa kuɗin da zai ba maharbin kansa mamaki.

A zuwana na uku aka buɗe mini ɗakin ciki. Abubuwan da ke ciki ba su kai ashirin ba, an nannaɗe su da tsummoki, kuma ko ni da ba gwani ba na ga bambanci: ramukan gefe sun suɗe sun zama kamar ƙwayar wake, cikin katakon yana da sawun gizago da maiƙon goshi, wata ma an ɗinke tsagewarta da zaren fata tun da daɗewa. Ba a faɗin farashi a nan sai an ga da gaske mutum yake. Na tambayi yadda aka samo wata daga cikinsu, Alhaji ya ce wani ɗan aike ne ya kawo daga yamma bayan rikici, iyalin sun musulunta ko sun shiga coci, ba su bukatarta. Mai yiwuwa haka ne, domin hakan yana faruwa. Amma ƙasar ta sha yaƙi daga 2002, kuma a rikicin bayan zaɓe na 2011 har gidan tarihi na ƙasa da ke unguwar Plateau an fasa an kwashe kayayyaki, balle bukkar ajiya a ƙauyen da mutanensa suka gudu. Babu takarda ko ɗaya da ke nuna wanda ya sayar da kuma yardar masu abin. Yarjejeniyar UNESCO ta 1970 ta hana fataucin kayan tarihi da aka fitar ba bisa ƙa'ida ba, amma ko babu doka, ban ga yadda zan rataye a falona abin da wataƙila wani gari yake nema har yau ba. Ban taya komai a ɗakin ba, kuma shawarata ga mai karatu ita ce ya tsaya a tsakiyar shagon.

Sauran ƙorafina na aiki ne. Shagon ba ya ba da rasit sai an nema, kuma wanda aka ba ni bai bambance sabo da tsoho ba sai da na sa aka ƙara da biro, alhali wannan takarda ita ce mutum zai nuna idan ya je neman izinin fita da kaya a gidan tarihi ko jami'an kwastan suka tsayar da shi. Ɗaurin kaya kuwa bai dace da darajarsu ba: takardar buhun siminti da tsohuwar jarida da kwali mai laushi, kuma da na isa Kano na tarar ƙahon kple kple na hagu ya karye daga gindi. Bayan mako uku na ga gari mai laushi kamar na tuwo yana zuba a ƙarƙashin fuskar Dan, alamar ƙwaro yana cin ta daga ciki, sai da na ɗaure ta a leda na ajiye a firiza mako biyu kafin ya daina. Babu wanda ya gargaɗe ni kuma cewa katakon da ya saba da damshin bakin teku yana tsagewa idan ya haɗu da hunturun Arewa, don haka wanda zai kawo irin wannan kaya gida ya nisanta shi da taga da rana, ya bar shi a nannaɗe na ɗan lokaci ya saba da iskar wurin.

Babban abin da na rasa a shagon shi ne sunan masassaƙi. Kowace fuska sunan ƙabila ake kiranta da shi, wannan Baule, waccan Guro, kamar dai al'umma ce baki ɗaya ta riƙe gizago, alhali mutum ɗaya ne ya zauna kwanaki yana aikin, kuma mutanen garinsu sun san hannunsa kamar yadda muke gane ɗinkin wani maɗinki a jikin babbar riga. Idan shagon zai riƙa rubuta sunan mai aikin da garinsu da shekarar da ya yi, sabon kaya zai sami darajar kansa, bukatar shafa masa kunkunniya kuma za ta ragu. Na faɗa wa Alhaji haka a zuwana na ƙarshe, ya yi shiru, sannan ya ce masu sarowa ba su son a san inda suke samo kaya don kada a tsallake su. Duk da haka ya ɗauki waya ya kira wanda ya kawo masa zaouli ɗin, suka yi magana da Julanci na ɗan lokaci, ya samo mini sunan garin da shekarar, amma mutumin ya ƙi faɗin sunan masassaƙin.

Wanda zai je, ya tambaya ko Alhaji yana nan kafin ya shiga ciniki, ya zo da lokaci a hannunsa domin bayanin ba ya fitowa sai an zauna an sha shayi, ya taya rabin abin da aka faɗa a kayan tsakiya, ya kuma sayi kwali mai ƙarfi da soso a kasuwa ya ɗaure kayansa da hannunsa. A bayan kowace daga cikin ukun da na kawo na manna 'yar takarda mai ɗauke da sunanta da al'ummarta da aikinta da ranar da na saya, na kuma rubuta a fili cewa sabuwa ce, ba ta taɓa rawa ba, domin duk wanda za ta faɗa hannunsa bayana.